Sunan Da Sa'a Ta Kira A Kan Gwiwa

Tun Nasara bai san hanyar Tasawa ba aka yi wannan abu, a wani ɗan ƙauye gab da Urafane, gidan Baba Attahiru mai jakai.

Ranar Talata ce da hantsi. Kaka ta yi, maza duk sun watse gona yankan gero, gida ya rage sai mata da kaji. Sa'a, matar Cha'ibu ɗan maigidan, tana bakin turmi tana surfe, ciki ya yi gaba kamar shi zai riga ta isa duk inda za ta. Ta ɗaga taɓarya ke nan sai ta tsaya cak, ta dafe ƙugu, ta cije leɓe.

Inna Hawwa, uwar mijinta, tana gefe tana tsintar wake. Ta ɗago kai.

"Ke 'yar nan, lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Lafiyar ce ta sa kika rungume turmi kamar ɗan'uwanki da ya dawo daga Gabas? Aje taɓaryar nan ki wuce ɗaki! Maza!"

Daga inuwar rumbu sai aka ji wani tari na gangan. Gwaggo Zara'u ce, yayar Baba Attahiru, wadda ta yi aure huɗu: ta binne biyu, biyu kau suka tsere da ƙafafunsu tun da sauran ƙarfinsu. Ta aje mazarinta, ta ware yatsu tana ƙirga, yadda ta saba yi wa mata kullum a bakin rijiya.

"To madalla! Yau dai za mu ga baƙon da ya yi wata goma sha ɗaya a hanya. Goma sha ɗaya, Hawwa! Ni dai a sanina jaka ce ke irin wannan ciki."

"Haba Yaya, kwanciya cikin ya yi. Ai ana yi."

"Ana yi mana. Amma sai miji ya yi nisa ake yi."

Sa'a ta ji. Ta kai bakin ƙofa ta juyo, ta dubi tsohuwar sama da ƙasa, ta shige. Wannan kallon nata shi ne abin da Gwaggo ta fi ƙi a duniya, har ya fi mata ciwon gwiwa.

Ita Sa'a ɗiyar Sidi ce, wani Buzu mai raƙuma da awaki da ke sauka kusa da rijiyar garin da rani. A can Cha'ibu ya fara ganinta. Tun daga ranar jakan Baba Attahiru suka shiga uku da shan ruwa: safe a kai su, rana a kai su, yamma a kai su, har ya zama in sun hango rijiya sai su toge. Da maganar aure ta taso, tsohon ya ce atafau, ga 'yan'uwa cike da gari, mi za a yi da ɗiyar masu yawo? Cha'ibu ya daina cin tuwo. Sa'a kau ta ce wa nata uban in ba shi ba, sai dai ta tsufa tana tatsar akuya. Da abin ya ishi Baba Attahiru ya yarda, amma ya kafa sharaɗi gaban jama'a:

"Na yarda. Amma ranar da yarinyar nan ta ɗauke maka hankali har ka yi mani ɓarna a dukiyata, ranar za ta bar gidana. Kowa ya shaida!"

Kowa kau ya shaida.

To ga abin da ba wanda ya sani a garin sai su biyu. Bara, da aka gama kaka, Cha'ibu ya bi ayari da jakan ubansa suka kai kanwa Katsina. Bayan wata biyu ayarin ya biyo ta Tasawa zai wuce gabas, aka yada zango. Daga Tasawa zuwa gida tafiyar yini ce ga mai hankali. Ga wanda ya yi wata biyu bai ga amaryarsa ba kau, rabin yini ma ta yi yawa. Gogan ya damƙa jakai ga wani abokin tafiya, ya ɗaure wando, ya ci hanya. Ya haura darni ba sallama, bai gaida uwa ba, bai gaida uba ba, kafin asuba ya sake haurawa ya koma. Da ya isa zango ya taras abokin ya sha barcinsa, kura kuma ta yi buki da babban jan jakin Baba Attahiru, jakin da tsohon ya fi so fiye da wasu daga cikin 'ya'yansa. Da ya dawo gida da bazara, sai ya ce ciwon ciki ne ya kashe jakin a hanya.

Ke nan cikin na Cha'ibu ne halak malak, wata tara cif. Amma in aka faɗi gaskiya, sharaɗin Baba ya cika, Sa'a ta bar gidan. In aka yi shiru kuma, ga yatsun Gwaggo. Suka zaɓi shiru.

Ga shi kuma haihuwar fari ce, wadda gidan iyaye ake komawa a yi ta. Amma su Sidi tun farkon damina suka yi arewa da dabbobi, ba wanda ya san inda suka kafa bukka. Dole Sa'a ta durƙusa cikin dangin miji, ba uwa, ba ƙanwar uwa.

Aka kira ungozoma, wata 'yar ƙaramar tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya amma rabin garin ita ta yanke masu cibi. Ta duba ta ce da saura. Talata ta wuce. Aka karɓo rubutu wurin liman aka ba ta ta sha. Laraba ta waye, shiru. Aka jiƙa saiwa, aka yi hayaƙi, aka kwance duk wani ƙulli da ke gidan har da igiyar akuya, akuya ta samu hanya ta shiga waken maƙwabta. Shiru dai. Sa'a na durƙushe kan tsohuwar tabarma, gumi na zuba, in ciwon ya taso sai ta ciji gefen zane. Ko "wash" ba ta ce ba. Mai haihuwar fari ba ta kuka, abin gori ne har jikoki. Ita kau ko ba don haka ba, ba za ta bari Gwaggo ta ji muryarta ba.

Laraba da la'asar, mata sun fita alwala, sai ta ji ana sosa karan bayan ɗaki.

"Sa'a... Sa'a, ni ne."

"Mi ya kawo ka nan? In aka gan ka fa?"

Shi ma bai kamata a gan shi ko kusa ba. Mai jiran ɗan fari gona yake tserewa, ya yi kamar bai san abin da ake ciki ba.

"Na kasa yankan geron," in ji Cha'ibu. "Tun safe zangarniya uku na yanka, ta huɗun yatsana ne."

Ta so ta yi dariya, ciwo ya hana.

"Sa'a, bari in faɗa wa Baba. Na ji abin da Gwaggo ke cewa a rijiya. Gari duk ya ɗauka."

"Kada ka soma! Ka faɗa ya kore ni? In goya jariri in bi sawun raƙuma ina cigiyar iyayena? Ni ba inda za ni. Da wuya na shigo gidan nan, bakin tsohuwa ba zai fid da ni ba."

"To in wani abu ya same ki fa? Wallahi ni..." Muryarsa ta karye.

"Kuka kake? Kai da ba kai ke kan gwiwa ba? Tashi ka tafi ka ɗaure yatsan."

Ya cusa yatsan ta tsakanin kara, ta kama ta ɗan riƙe, sannan ta tura mashi abinsa. Ya tafi. In za a faɗi gaskiya kuma, har da ɗan sauƙi a ransa da ta hana, don yana son ta kamar ransa, amma tsoron Baba Attahiru tun na yaye ne.

Da gari ya waye Alhamis, Gwaggo Zara'u ta shigo ɗakin da wasu tsofaffi biyu 'yan rakiya. Ta ture ungozoma gefe, ta ɗauki tulun ruwa ta miƙa waje.

"Wasa ya ƙare. Ɗa ba ya togewa haka kawai. In mace ta ɓoye ubansa, ƙin fitowa yake sai an kira mashi sunan uban ya ji da kunnensa. Haka muka taras, haka iyayenmu suka taras. Daga yanzu ko ɗigon ruwa ba za ki sha ba sai kin faɗi mai shi!"

"Zara'u, ki ji tsoron Allah," in ji ungozoma. "Kan ɗan daidai yake. Ƙarfi ne ya ƙare wa yarinyar nan, kunu take so ba tuhuma ba."

"Ke yankan cibi aka kira ki, ba alƙalanci ba!"

Hantsi ya yi, rana ta take, ɗaki ya ɗauki zafi kamar murhu. Leɓen Sa'a ya bushe har ya tsage. Gwaggo ta ja kujera ta zauna gabanta, ta shiga jero mazan gari ɗaya bayan ɗaya.

"Illo mai jan ruwa ne? Na sha ganin shi yana cika maki tulu."

Sa'a ta kawar da kai.

"Namadi mahauci? Ba banza yake ƙara maki tsoka ba."

Sa'a ta ɗago ido jajur. "Gwaggo, Namadi ya girmi Baba. Da sanda yake zuwa mahauta."

"Au! Kin ma san yadda yake tafiya!"

'Yan rakiya suka ce, "Kin ji fa!"

Gwaggo ta ci gaba: "To ko cikin danginku ne masu rufe fuska? Ai su ba a gane su, kowa ya shigo sai a ce wancan ne."

"Dangina suna rufe fuska, Gwaggo. Amma ba su taɓa hana mai naƙuda ruwa ba. Ko akuya ce."

Tsohuwa ta zabura za ta kai mari, ciwo ya riga ta. Ya taso wa Sa'a tun daga baya, ya kifa ta kan hannuwa, idanunta suka juye. Inna Hawwa ta fashe da kuka. Mace ce mai sanyi, shekara talatin tana gidan ba ta taɓa ɗaga wa yayar mijinta murya ba. Ta rarrafo ta kama hannun Sa'a.

"'Yar nan, don Allah, don Annabi, ki faɗa. Ko wane ne. Ko ƙarya ce ki kama sunan wani ki faɗa, ki samu ki sha ruwa ki sauka. Wallahi ni zan rufa maki asiri, ba zan bari ɗana ya ji ba. Ranki nake ji!"

Wannan ce ta soki Sa'a. Zagin Gwaggo bai huda ta ba, amma Inna, Innar da ke ɓoye mata hanta duk ranar da aka yi yanka, ashe ita ma ta fara yarda. Nan ta ga inda shirun nan zai kai ta: ko ta rayu ko ta mutu, abin da ke cikinta zai tashi ana nuna shi da baki a rijiya. Zaman gida da irin wannan tabo, ina amfaninsa?

Ta dafa ƙasa, ta gyara durƙuso, ta share hawayen da suka zubo mata karon farko.

"Suna kuke so?"

"Yawwa!" in ji Gwaggo. "Ko ke fa!"

"To ku yaye tabarmar ƙofar nan. Ba a ɓoye zan faɗe shi ba."

Gwaggo da kanta ta tashi jiki na rawa ta yaye, har tana yafuto matan maƙwabta da suka cika tsakar gida su matso kusa, kada a ba su labari.

To, a ƙasar nan mace ba ta kama sunan mijinta. Sai dai "shi", ko "maigidan", ko "wancan". Tun da aka kawo Sa'a, ko da wasa ba a ji sunan a bakinta ba. In ta gamu da wani mai sunan ma, sai ta ce "mai sunan maigida". Na suruki kau, wannan ko a zuci sai mace ta waiga tukuna.

Sa'a ta ja numfashi, ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta buɗe murya irin ta masu kiran raƙuma daga bayan tudu:

"Cha'ibu! Cha'ibuuu ɗan Attahiru!"

Wata ta saki ƙwarya ta fashe. Kaji ma suka daina tono.

"La'ilaha illallahu!" in ji wata tsohuwa. "Ta kama sunan miji! Har da na suruki, gatsal!"

"Na kama! In ƙara? Cha'ibu! Shi ne uban, ba ni da wani, ban taɓa yin wani ba! Cha'ibu, fito ka faɗa masu! In korar ce, a kore ni da mutuncina!"

A zaure kau maza sun dawo daga gona suna shan fura, Baba Attahiru a tsakiya. Ludayi na bakinsa sunansa ya iso, fura ta bi ta hanci. Kowa ya sunkuyar da kai, wani na cizon hannun riga kada dariya ta kuɓuce mashi. Cha'ibu ya miƙe.

"Zauna!" in ji uban yana tari.

Bai zauna ba. Ya wuce kai tsaye har tsakiyar gida. Uban ya biyo shi, maza suka cunkushe ƙofar zaure.

"Baba, Inna, Gwaggo, da duk wanda ya zo kallo, ku ji! Cikin nan nawa ne. Da sanyin bara, da ayari ya sauka Tasawa, na gudo gida na kwana. Ta can na haura, bayan rumbu."

"Ƙarya yake!" in ji Gwaggo. "Rufa mata yake, an shanye shi!"

"Baba, kai da kanka ka gyara darnin wurin. Sa'a ta ce yini ka yi kana zagin akuyar maƙwabta."

Baba Attahiru ya dubi darnin. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juyo a hankali.

"Jakaina fa? Wa ka bar wa jakaina?"

"Abokin tafiya, Baba. Sai ya yi barci. Jan jakin nan... ba ciwon ciki ba ne. Kura ce."

"Kura."

"Kura, Baba."

"Jakina! Kwana uku na yi ban ci tuwo ba ina cewa ƙaddara ce, ashe ƙaddarar na nan zaune tana shan furata!" Ya juya ga mazan zaure, gemu na rawa. "Kun shaida abin da na faɗa ranar auren nan. Tana sauka, ta bar mani gida!"

"To, Baba. Gidanka ne," in ji Cha'ibu. "Amma ba ita ta aika a kira ni ba, ƙafata ce ta kawo ni. In ta fita da safe, ni ma ba zan kai hantsi ba. Yanzu dai ruwa zan ba matata."

Tun da aka haife shi bai taɓa jera wa uban magana uku ba sai ranar. Ya wuce randa, ya cika ƙwarya, ya nufi ɗakin. Gwaggo ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Namiji a ɗakin haihuwa? Sai dai ka bi ta kaina!"

Ba shi ya taɓa ta ba. Inna Hawwa ce ta fito daga bayanta, ta kama ta a damtse, ta aje ta gefe kamar damin kara.

"Yaya, shekara talatin ina ce maki to. Yau babu to. Matsa!" Ta karɓi ƙwaryar daga hannun ɗanta. "Kai kuma koma can, ka yi naka." Sannan ta ɗaga murya yadda zaure zai ji: "Malam, in ɗiyar mutane ta mutu da ƙishirwa a gidanka, ka nemi bakin da zai gaya wa Sidi. Ba nawa ba!"

Sa'a ta kafa kai ta shanye ƙwaryar tas. Ungozoma, da ta ga mulki ya dawo hannunta, ta miƙe ta ɗaure zane.

"Duk wadda ba ta da aiki, waje! Ku biyun nan, ku fara fita. A dama kunu, a sa zuma!"

Aka ɗura wa Sa'a kunu da ludayi. Da jikinta ya ɗan dawo, tsohuwar ta sa Inna ta tallafe ta, suka yi ta zagaya ɗakin a hankali, taku ɗaya hutu ɗaya. Sannan ta ɗaura igiya a itacen rufi, ta sa ta durƙusa ta kama.

"To 'yar nan, yanzu ki yi duk ihun da kika ga dama. Kunyar ai kin riga kin raba wa mutanen gari."

Sa'a kau ta yi. An ce har masu yankan gero a gonakin nesa sai da suka aje wuƙa.

Liman na ta da kabbarar la'asar ta sauka. Ɗiya mace. Amma shiru, ba kuka, ba motsi. Ungozoma ta share mata baki da yatsa, ta kifa ta, ta murza bayan, ta guntsi ruwan sanyi ta fesa mata. Shiru. Inna Hawwa ta fara salati.

Sa'a ta ɗago kai da ƙyar, murya a dishe. "Ke! Kwana uku ina fama da mutanen gidanku saboda ke. Kada ki kuskura ki ba ni kunya!"

Ungozoma ta sake fesawa. Jaririya ta yamutsa fuska, ta yi atishawa, ta callara wani kuka da ya fi ƙarfin jikinta. Inna Hawwa ta rangaɗa guɗa, matan tsakar gida suka karɓa, har da waɗanda ɗazu suka zo jin abin kunya. Cha'ibu ya zube ƙasa dirshan a gindin randa yana kuka wiwi. Ba wanda ya tsokane shi a ranar. Daga baya ne aka yi ta yi, wajen shekara ashirin.

Da aka yanke cibi aka yi wanka, Gwaggo ta leƙo. "Bari in ga kunnuwan, in ga na wa ta ɗauko."

Jaririyar dai ba ta yi kama da kowa ba, ja ce a yamutse kamar kowane jariri. Sa'a ta ja zane ta rufe ta.

"Ba a duba ta, Gwaggo. Ba akuyar kasuwa ba ce."

Washegari Cha'ibu ya ɗauki gatari ya fara kafa bukka a bayan darni, daidai inda uban zai hango daga zaure. Kwana biyu Baba Attahiru ya zuba mashi ido. Tuwon da ake kawo mashi kuma kullum miya ba gishiri, Inna Hawwa ta ce mantuwar tsufa ce. Rana ta uku ya fito, hannu a baya, yana zagaya bukkar.

"Wannan mi ne ne? Akurki?"

"Ɗakinmu ne, Baba."

"Jikata za ka sa a nan? Iska ɗaya ta kwashe ta sai Damagaram?" Ya sa ƙafa ya shuri ginshiƙi, bukka ta kwanta. "Cewa na yi in ta ɗauke maka hankali. Na zauna na yi tunani, na ga tun kafin ka san ta ba ka da shi. Ba laifinta. Ta zauna. Amma itacen wankan jego na kwana arba'in, ba jakina da zai ɗauko ko sanda ɗaya. A kanka za ka ɗauko!"

Cha'ibu ya faɗi yana godiya, ya ruga bayan ɗakin mai jego ya raɗa mata albishir.

"Na ji," in ji Sa'a. "A yi wa Baba godiya. Amma da saura."

"Saura mi kuma, Sa'a? Don Allah kada ki tado wani!"

"Ba da kai ba ne. Tafi daji, rana na yi."

Da yamma Gwaggo Zara'u ta zo da ƙwaryar kunun kanwa, ta aje bakin ƙofa tana kallon gefe. Ita a wurinta ban haƙurin ke nan, an gama.

"Na gode, Gwaggo, Allah ya saka," in ji Sa'a. "Amma ba a ɗakin nan kika fara ɓata ni ba. Wata biyu kika yi a bakin rijiya kina ƙirga mani ciki da yatsu. Can za ki je ki warware. Da yatsun."

"Ni? Ni sa'ar kakarki?"

"Ke, Gwaggo. In ba haka ba, ranar suna ɗiyar nan ba za ta hau cinyarki ba."

A gidan kau babbar gwaggo ce ke riƙe jariri wanzami ya yi aski, gaban dangi duka. A ce an tsallake ta an ba wata, ai gara a ce ta mutu. Ta juya wurin Inna Hawwa neman ceto, Inna ta ce wai hayaƙi ya shigar mata ido ba ta ganin kowa.

Jajibirin suna da safe, rijiya cike da mata, Gwaggo Zara'u ta iso ba tulu ba guga. Ta yi gyaran murya, ta ɗaga hannu, ta ƙirgo watanni tun daga sanyin bara har kakar bana.

"Tara ne," ta ce can ƙasan maƙoshi. "Biyun ni na ƙara."

"Ba mu ji ba, Gwaggo, iska!" in ji wata ja'irar amarya.

"Na ce tara ne! Tara! Ɗiyar ɗana ce, jinina ce, duk wadda na ƙara jin bakinta a kai sai na ci mutuncin uwarta!"

Washegari aka yanka rago, aka raɗa wa yarinya Asma'u, aka yi mata aski a cinyar Gwaggo, tsohuwa sai washe baki take tana cewa kowa ya dubi goshin, na gidansu ne sak. Cha'ibu kau ya cika kwana arba'in ɗinsa yana jigilar itace a ka, wuyansa ya shige cikin kafaɗa, jakai na kwance a inuwa suna kallonsa. Kullum in ya sauke, Sa'a na aiko mashi da fura mai nono, ta ce a kai wa "wancan". Sunan dai ba ta ƙara kamawa ba har tsufansu. Ta ce sau ɗaya ya isa.

To, 'yan mata, haƙuri abu ne mai kyau, kuma kun ga Sa'a ta yi shi har kwana uku a kan gwiwa, Allah bai bar ta ta taɓe ba. Amma haƙuri daban, amsa laifin da ba ki yi ba daban. Ko wuya ta kai ki maƙura, kada ki saida mutuncinki don ƙwaryar ruwa. Ku samari, ƙaryar da kuka yi don tsoron iyaye ba ta tsayawa kanku, matanku take faɗa wa, kuma a ranar da ba su da ƙarfin ɗauka. Ku kuma iyayenmu tsofaffi, Allah ya ƙara girma, roƙo ɗaya muke yi: in kun ga mace a kan gwiwa, ku fara ba ta ruwa. Tambaya ta jira.